Zamewar Faifan Ƙashin Baya: Yadda Ake Gwada Magungunan Kumburi a Kan Dabbobi

Masu fama da ciwon baya mai sauka ƙafa sukan ji labarin cewa an gano wani sabon magani, an kuma gwada shi a kan ɓeraye ya yi aiki. Wasu har sukan je neman maganin a kemis ko wurin masu talla. Wannan bayani zai nuna yadda ake yin irin wannan gwaji, abin da aka koya daga gare shi, da dalilin da ya sa maganin da ya yi wa ɓera ko alade aiki yakan kasa yi wa mutum.

Mene ne faifan ƙashin baya?

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne, ɗaya a kan ɗaya. Biyar daga cikinsu suna yankin ƙugu, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki. Tsakanin kowane ƙashi da na ƙasansa akwai wani faifai mai kama da matashi, wanda ke hana su gugar juna, yake kuma ba mutum damar sunkuyawa da juyawa. Faifan yana da sassa biyu: ɓargon tsakiya mai laushi da danshi, da kuma zobe mai tauri da ya kewaye shi.

Idan zoben ya tsage, saboda shekaru ko ɗaukar kaya mai nauyi ko gado, ɓargon yakan turo waje. Wannan shi ake kira zamewar faifai ko gocewar faifai, ko da yake faifan gaba ɗayansa ba ya barin wurinsa. Mafi yawan lokuta hakan na faruwa ne a faifai biyu na can ƙasa, waɗanda a takardar hoton MRI ake rubuta su L4-L5 da L5-S1. A daidai wurin ne jijiyoyin da ke kai saƙo ƙafa suke fitowa. Idan ɓargon ya taɓa ɗaya daga cikinsu, sai mutum ya ji ciwo ya taso daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka har tafin ƙafa, wani lokaci tare da jin kamar ana tsira allura ko kamar ƙafar ta mutu. Likitoci na kiran wannan ciwo sayatika.

Dannewa ce kawai, ko akwai kumburi?

A shekarar 1934 wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka bayyana cewa fashewar faifai na jawo ciwon ƙafa, kuma tiyata na iya magance shi. Daga nan aka daɗe ana ɗaukar matsalar a matsayin dannewa kawai, kamar yadda dutse ke danne tiyon ruwa.

Amma akwai abubuwan da wannan bayani bai warware ba. Ana samun mutum faifansa ya turo sosai amma ba ya jin komai, wani kuma turowar kaɗan ce amma ko barci ba ya iyawa. A shekarar 1994 an ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba su da ciwon baya a Amurka, aka tarar kusan rabinsu suna da faifai mai ɗan kumbura, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma faifansu ya turo. Haka kuma ciwon yakan lafa tun kafin turowar ta ragu a hoto. Wannan ya sa masana suka fara zargin cewa ɓargon da kansa yana ɗauke da wasu sinadarai masu harzuƙa jijiya.

Ba za a iya tabbatar da wannan zargi a jikin mutum ba. Babu likitan da zai buɗe bayan mai lafiya ya ɗora masa ɓargon faifai a kan jijiya, bayan mako guda kuma ya yanko jijiyar don ya duba ta. Wannan ne dalilin komawa ga dabbobi.

Yadda ake kwaikwayon cutar a jikin dabba

A shekarar 1987 an ba da rahoton wani gwaji a kan karnuka, inda aka ɗebi ɓargon faifan kare aka zuba shi kusa da jijiyoyin bayansa, sai wurin ya kumbura. Gwajin da ya fi shahara shi ne na shekarar 1993, wanda Kjell Olmarker da Björn Rydevik da abokin aikinsu suka yi a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin. Sun sa wa alade maganin barci, suka ɗebi ɓargo daga faifansa, suka ɗora shi a kan jijiyoyin ƙarshen bayansa ba tare da sun danne su ba. A wasu aladun kuma kitse suka ɗora maimakon ɓargo, domin kwatantawa. Cikin mako guda saurin tafiyar saƙo ya ragu ƙwarai a jijiyoyin da ɓargo ya taɓa, aka kuma ga alamun lalacewa a cikinsu, alhali waɗanda aka ɗora wa kitse ba su nuna haka ba. Wato ɓargon shi kaɗai yana iya cutar da jijiya.

Daga baya masu bincike, musamman a Japan da Suwidin da Amurka, suka mayar da gwajin kan ɓeraye, domin sun fi arha da sauƙin kiwo. Hanyoyin da aka fi amfani da su su ne:

- A ɗebo ɓargo daga faifan wutsiyar ɓera a ɗora shi a kan jijiyar ƙugunsa. Wannan na kwaikwayon kumburi zalla.
- A huda faifan ƙugu da allura don ɓargon ya zubo kan jijiyar da ke kusa.
- A ɗan danne ko a ture jijiyar, sannan a haɗa da ɓargon, domin a kwaikwayi dannewa da kumburi a tare. An lura cewa haɗuwar biyun ta fi jawo alamun ciwo fiye da kowanne shi kaɗai.
- A huda zoben faifan zomo ko na wutsiyar ɓera a bar shi ya lalace a hankali, domin nazarin tsufan faifai.

Ana kuma amfani da tumaki da awaki idan ana son dabba mai faifai da ya kusanci girman na mutum. Akwai wasu karnuka masu gajerun ƙafafu da dogon baya da faifansu ke fashewa da kansa, kuma likitocin dabbobi sun koyi abubuwa da yawa daga jinyarsu.

Yaya ake sanin dabba tana jin ciwo?

Ɓera ba ya magana, don haka halayensa ake dubawa. Akwai wasu siraran zaruruwa na roba masu ƙarfi daban-daban da ake taɓa tafin ƙafarsa da su. Lafiyayyen ɓera ba ya damuwa da taɓawa mai sauƙi, amma wanda jijiyarsa ta harzuƙa yakan janye ƙafa nan take. Ana kuma haska ɗan zafi a ƙarƙashin tafin a ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya ɗage. Wasu sukan ɗauki bidiyon dabbar su duba yadda take tafiya, ko tana ɗage ƙafar, ko tana yawan waiwayar ɓangaren da aka yi wa aiki.

Bayan haka ana auna saurin saƙo a jijiyar da na'urar lantarki. A ƙarshen gwajin ana ciro jijiyar a duba ta a madubin likita, a ga yawan kumburi, da toshewar ƙananan hanyoyin jini, da yawan sinadaran kumburi.

Gwaji mai inganci yakan raba dabbobin rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Wasu a ba su maganin, wasu a ba su ruwan gishiri, wasu kuma a yi musu tiyatar ba tare da an ɗora ɓargo ba, domin a ware ciwon yankan daga ciwon cutar. Wanda ke aunawa bai kamata ya san dabbar da ta sha magani ba.

Magungunan da aka gwada

Sitiroyid. A shekarar 1994 masu binciken Gothenburg suka nuna cewa idan aka yi wa alade allurar methylprednisolone mai yawa ta jijiyar jini cikin kwana ɗaya zuwa biyu da ɗora ɓargon, jijiyar takan tsira daga mafi yawan illar. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa kumburi ne ke yin ɓarnar.

Dangin diclofenac da ibuprofen. Waɗannan magunguna suna rage wasu sinadarai da jiki ke samarwa a wurin kumburi. A wani gwajin aladu da aka buga a shekarar 2002, diclofenac ya kare saurin saƙon jijiya, amma ketoprofen, wanda danginsu ɗaya ne, bai yi hakan ba. Ke nan ko a jikin dabba ɗaya, magunguna 'yan gida ɗaya ba lallai su yi aiki iri ɗaya ba.

Magungunan toshe TNF. TNF wani sinadari ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa don tayar da kumburi. A shekarar 1998 aka nuna cewa ƙwayoyin ɓargon faifai suna ɗauke da shi. A shekarar 2000 wani gwajin ɓeraye ya nuna cewa ɗora TNF shi kaɗai a kan jijiya yana jawo ɓarna irin ta ɓargon. A shekarar 2001 aka ba aladu etanercept da infliximab, magungunan da ke toshe TNF waɗanda dama ake amfani da su wajen ciwon gaɓoɓi mai tsanani, sai suka hana raguwar saurin saƙo, suka kuma rage kumburin jijiyar. A wancan lokaci mutane da yawa sun ɗauka an samo maganin sayatika.

Abin da ya faru da aka gwada a jikin mutane

A ƙasar Finlan aka fara. A shekarar 2003 an ba majinyata 10 masu tsananin ciwon ƙafa ƙarin ruwa na infliximab sau ɗaya, ciwon ya ragu sosai cikin ɗan lokaci. Sai dai kowa a cikinsu ya san maganin da aka ba shi, kuma ba a raba su da ƙuri'a ba. Masu binciken suka sake gwajin da mutum 40, aka ba wasu maganin, aka ba wasu ruwan gishiri, ba tare da majinyacin ko likitansa sun san wanda ya samu wanne ba. Bayan wata uku, da kuma bayan shekara guda, rukunin biyu duk sun samu sauƙi kusan daidai wa daida.

A ƙasar Suwizalan an gwada adalimumab a kan mutum 61, aka buga sakamakon a shekarar 2010. An ga ɗan amfani, kuma waɗanda suka kai ga tiyata sun fi kaɗan a cikin masu maganin, amma gwajin ƙarami ne. A shekarar 2012 wani gwaji na mutum 84 ya kwatanta allurar baya ta etanercept da ta sitiroyid da ta ruwan gishiri, kuma etanercept bai fi ruwan gishiri ba. Saboda haka har yau magungunan toshe TNF ba sa cikin jerin magungunan da aka saba bayarwa don zamewar faifai. Suna da tsada, suna raunana garkuwar jiki, kuma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki. Wannan haɗari ne babba a ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, irin su Najeriya da Nijar.

Sitiroyid na sha ma bai cika alkawarin da gwajin aladu ya nuna ba. A shekarar 2015 an buga sakamakon gwajin mutum 269 a jihar Kalifoniya ta Amurka, waɗanda aka ba wasunsu prednisone na kwana 15. Masu shan maganin sun ɗan fi iya gudanar da harkokinsu, amma ciwon bai fi raguwa ba, kuma kusan rabinsu sun yi ƙorafin wata illa, kamar rashin barci da rashin natsuwa, alhali a cikin waɗanda ba su sha ba kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka yi ƙorafi. Allurar sitiroyid da ƙwararre ke yi a baya kusa da jijiyar takan rage ciwon ƙafa kaɗan na wasu makonni, amma amfanin ba ya ɗorewa.

Dangane da dangin diclofenac da ibuprofen, wani nazari na ƙungiyar Cochrane a shekarar 2016 ya tattara gwaje-gwaje 10, bai kuma sami hujja mai ƙarfi cewa suna rage ciwon sayatika fiye da ƙwayar da ba ta ɗauke da magani ba. Masu shan su sun ɗan fi cewa sun ji sauƙi gaba ɗaya, sun kuma fi samun illa. Hukumar NICE ta Birtaniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta ce kada a ba da sitiroyid na sha don sayatika, kuma idan za a ba da dangin ibuprofen a ba da mafi ƙanƙantar adadin da zai yi aiki, na mafi gajeren lokaci.

Me ya sa sakamakon ya bambanta?

Na farko, lokaci. Dabbar takan samu maganin a ranar da aka ɗora mata ɓargon ko washegari. Mutum kuwa yakan zo asibiti bayan makonni ko watanni, lokacin da jijiyar ta riga ta canza.

Na biyu, faifan kansa. Dabbobin gwaji yawanci ƙanana ne masu lafiya. Ɓargon faifan ɓera da zomo da alade yana riƙe da wasu ƙwayoyin halitta na jarirantaka har girma, alhali a jikin mutum waɗannan ƙwayoyi suna ɓacewa tun yana yaro. Abin da ke turowa daga faifan mai shekara 45 ya bushe, ya yi tauri, wani lokaci ma haɗe yake da guntun guringuntsi.

Na uku, abin da ake aunawa. Janye ƙafar ɓera da saurin saƙon jijiyar alade alamu ne kawai. Abin da ya dami majinyaci shi ne ya iya barci, ya iya ruku'u da sujada, ya koma gona ko kasuwa ko ofis. Tsoro da damuwa da irin aikin da mutum ke yi duk suna shafar yadda yake jin ciwo.

Na huɗu, yawan magani. Adadin da ake ba dabba, idan aka kwatanta da nauyinta, sau da yawa ya wuce abin da jikin mutum zai jure.

Na biyar, cutar takan warke da kanta. Mafi yawan masu zamewar faifai suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Duk maganin da aka sha a wannan tsakani zai yi kama da shi ne ya warkar, sai an kwatanta da waɗanda ba su sha ba.

Na shida, gwaje-gwajen dabbobi ƙanana ne, kuma wanda ya yi nasara ya fi samun bugawa a mujalla fiye da wanda bai yi ba. Domin gyara wannan ne aka fitar da ƙa'idojin ba da rahoto da ake kira ARRIVE a shekarar 2010, aka sabunta su a 2020.

Kumburi yana da nasa amfanin

Gwajin dabbobi ya nuna wani abu da ya kamata kowane majinyaci ya sani. Idan ɓargo ya fito waje, jiki yakan ɗauke shi a matsayin baƙo, sai sababbin hanyoyin jini su tsiro a gefensa, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru suna cinye shi a hankali. Kumburin da ke jawo ciwo shi ne kuma ke share guntun. Shi ya sa guntun da ya ɓalle gaba ɗaya daga faifan ya fi saurin narkewa, ko da yake shi ya fi ban tsoro a hoto. A wani gwajin zomaye da aka yi a Japan a shekarar 1998, sitiroyid mai yawa ya rage wannan aikin sharewa. Sakamakon na zomo ne, amma ya isa ya nuna cewa danne kumburi gaba ɗaya na dogon lokaci ba lallai ya zama alheri ba.

Haƙƙin dabbobin

A cibiyoyin bincike masu bin doka, sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a taɓa dabba. Ana bin ƙa'idoji uku da wasu masana biyu na Birtaniya, William Russell da Rex Burch, suka tsara a shekarar 1959: a yi amfani da wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma rage musu wahala. Ana yin tiyata ne bayan an sa maganin barci, kuma akwai iyakar wahalar da idan dabba ta kai ake tsayar da gwajin. A yau ana yin wani ɓangare na aikin da ƙwayoyin halitta da ake rainon su a ɗakin gwaji, da faifan wutsiyar shanu daga mayanka, da guntayen faifan da aka cire wa majinyata a tiyata da izininsu.

Abin da majinyaci da iyalansa za su riƙe

Idan kun ji an ce wani magani, na bature ko na gargajiya, ya yi aiki a kan ɓeraye, to matakin farko ne aka tsallake. Saura a gwada shi a kan mutane kaɗan don a ga ko yana cutarwa, sannan a kan mutane da yawa tare da kwatantawa, sannan hukumar kula da magunguna ta ƙasa, kamar NAFDAC a Najeriya, ta duba shi. Mafi yawan magungunan da suka yi nasara a jikin dabba ba sa kai wa ƙarshen wannan hanya. Ku tambayi mai tallar: an gwada shi a kan masu irin wannan ciwo, mutum nawa, kuma da me aka kwatanta shi?

Game da magungunan da ake samu a kemis:

- Kada a haɗa biyu daga dangi ɗaya, kamar diclofenac da ibuprofen ko piroxicam. Haɗin yana ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda.
- Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ko sikila, da mai juna biyu, da tsofaffi, da mai shan maganin tsinka jini, kada su sha sai da shawarar likita.
- Kada a sha dexamethasone ko prednisolone don ciwon baya ba tare da likita ya rubuta ba. Yawan shansu na tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina lokaci guda, ya je likita ya rage masa a hankali.
- A guji ƙullin ƙwayoyi marasa suna da ake sayarwa a tasha ko kasuwa.
- Idan bayan gida ya koma baƙi, ko aka yi aman jini, ko ƙafafu da fuska suka kumbura, a daina maganin a tafi asibiti.

Doguwar kwanciya ba ta taimakawa. Ci gaba da ɗan tafiya da motsi gwargwadon iko, da ganin likitan motsa gaɓoɓi, sun fi amfani. Idan ciwon ƙafar bai ragu ba bayan mako shida zuwa takwas, likita zai duba ko ana bukatar hoto, ko allurar baya, ko tiyata.

A garzaya asibiti a ranar, ba tare da jiran magani ya yi aiki ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida na zuba ba tare da an sani ba.
- Rashin jin taɓawa a al'aura, ko dubura, ko tsakanin cinyoyi.
- Rauni a ƙafafu biyu, ko ƙafa ɗaya tana ƙara rauni har ana jan ta a ƙasa.
- Ciwon baya tare da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko ƙusumbi da ya fara fitowa, domin tarin fuka na iya kama ƙashin baya.
- Ciwon baya bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ko a jikin wanda ya taɓa yin ciwon daji.

Alamu ukun farko na iya nufin jijiyoyin ƙarshen baya sun matse sosai, kuma jinkirin tiyata na iya barin mutum da nakasa ta dindindin.